Daga Agege zuwa Kano da a-kori-kurar Kawu

Tun da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, mutanenmu da yawa da suka saba zuwa Kwatano sayen mota sun koma bin hanyar Legas. Kawuna yana cikinsu. Ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, kuma manomi, ya daɗe yana neman a-kori-kura mai ƙarfi da za ta riƙa kai shi gona da kasuwannin ƙauye. Da dillalinsa ya bugo waya cewa motar ta fito daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can, sai ya ce in shirya in raka shi, tunda idona ya fi nasa ganin hanya da dare. Cikin watan Disamba ne, hunturu ya fara kankama.

Zuwan babu wani labari a cikinsa sai gajiyar motar haya da kumburin ƙafa. Muka sauka a Agege wajen wani ɗan'uwa mai harkar shanu, can dillali ya kawo mana motar: Toyota Tacoma ce ruwan azurfa, daga Amurka. Kafin ya kalli komai Kawu ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashinta da tocila, domin a jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara ana watsa gishiri a kan titi, gishirin kuwa yana cin ƙarfen mota ta ƙasa. Ya fito yana murmushi. Inji lafiya, giya lafiya. Sai da aka wanke ta muka ga inda gizo ke saƙar. Fentin ya yi dishi-dishi, jikinsa da kaushi, kuma a kan bonet da rufi da ƙofar baya akwai ɗigo-ɗigo ja, kamar an barbaɗa garin barkono.

"Alhaji, wannan ai ba komai ba ne," in ji dillali. "Kana isa Kano ka sa a watsa mata fenti, ta koma sabuwa dal."

Kawu har ya fara lissafin kuɗin fenti. Saurayin da ya wanke motar ne ya tsoma baki. Bahaushe ne haifaffen Agege, Yarbanci a bakinsa kamar Hausa. Ya ɗauko farar leda marar kauri ya ce, "Baba, don Allah sa hannunka a ciki ka shafa nan." Kawu ya shafa bonet, ya ɗaga kai. Ni ma na gwada. Ta cikin leda kowane ɗan tsakuwar da ido ba ya gani sai ka ji shi a yatsa ƙarara.

"Baba, fentin bai mutu ba. Datti ne ya nutse a jikinsa. Ka ba ni yini ɗaya, in bai yi maka ba ka riƙe kuɗinka."

Abin da ya bayyana mana gaskiya ne, na kuma ƙara tabbatar da shi daga baya. Jajayen ɗigon nan ƙananan ɓurɓushin ƙarfe ne, daga birki, daga layin dogo, daga hayaƙin masana'antu da tashar jiragen ruwa. Suna sauka a kan fenti su maƙale, iskar teku mai gishiri ta sa su yi tsatsa a nan inda suke. Sabulu ba ya fitar da su, ko za a kwana ana wanki. Fentin mota kuwa hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, sai launi, sai wani garai-garai marar launi a sama mai ba da ƙyalli. Dukansu a haɗe kaurinsu bai cika wuce kashi ɗaya bisa goma na milimita da yawa ba, na saman kuma bai kai rabin haka ba. Dattin yana cikin na saman ne kawai. Kuma a kamfani ana gasa fenti da zafin da ya kai wajen digiri 140 tun motar tana ƙarfe zalla, abin da mai fentin gari ba zai iya ba, saboda roba da wayoyi sun riga sun hau. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga an kankare fentin kamfani mai rai don ya yi kaushi kawai. Asara biyu ce: abin da za a shafa bai kai wanda aka cire ba, kuma ranar sayarwa mai saye zai ce ba fas bodi ba ce, ya fara zargin an taɓa yin hatsari da ita.

Washegari da hantsi aka shigar da motar ƙarƙashin rumfa, don saurayin ya ce ba a wannan aiki a rana, kuma sai jikin ƙarfe ya yi sanyi. Ya sake wanke ta daga sama zuwa ƙasa da bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso. Sannan ya buɗe wani ɗan akwatin roba ya fito da wata laka. Ba lakar tukwane ba ce, wata roba ce mai danƙo, launin shuɗi, da aka cakuɗa da garin goge abu mai laushi ƙwarai. A Japan aka ƙirƙiro ta a shekarun 1980. Ya yanki kashi ɗaya bisa huɗu ya mayar da sauran, ya murza a tafin hannu har ta yi taushi, ya baje ta faɗin yatsu uku.

Na ja benci na zauna kusa. Ya fesa ruwa mai santsin sabulun mota a wani ɗan yanki na bonet da bai wuce kamu ɗaya ba, ya ɗora lakar, ya shiga kai ta yana dawo da ita a miƙe, ba ya dannawa ko kaɗan. Da farko tana tafiya tana ƙoƙarin tsayawa, kana jin ƙarar shi-shi-shi. Kaɗan-kaɗan ƙarar ta ragu, ta ɗauke, lakar ta koma sulɓi. Ya juyo ta ya nuna mana: fuskar da take shuɗiya ta zama ruwan ƙasa, da jan tsatsa a ciki. Ya naɗe ta, dattin ya shige ciki, ya sake bajewa, ya fesa ruwa, ya matsa gaba. Da kunne yake aikin fiye da ido. Gefen ƙasa na ƙofofi da bayan tayoyi ya bari sai ƙarshe, saboda nan datti ya fi yawa.

Can wajen azahar yaronsa ya karɓe shi, lakar ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Kawu ya ce a ɗauraye ta mana. Saurayin ya ɗauke ta ya jefa a kwandon shara, ya yanko sabuwa. "Baba, yashi ɗaya in ya shiga cikinta ba ya fita. Da shi zan bi motarka ina zane ta." Kaya ne mai tsada a wurinsa, amma bai yi ko gezau ba. Daga nan Kawu ya saki jiki da shi.

Bai ɓoye mana iyakar aikin ba. Laka ba ta cire ƙarzuwa. Wata doguwa da ke jikin ƙofar direba tana nan, sai dai folish, shi kuwa folish cin fenti yake yi kaɗan-kaɗan, ba a yawaita shi. Kuma laka tana kwashe duk wata kariya da ke kan fenti, ta bar shi tsirara. Don haka dole kaki ya biyo baya a ranar.

Kakin a gwangwani yake, rawaya, mai ƙamshi. Asalinsa daga ganyen wata bishiya dangin dabino ake samunsa, karnauba, da ke fitowa a arewa maso gabashin Brazil, a jihohi irin su Piauí da Ceará. Sai zafi ya haura digiri 80 yake narkewa, ya fi kakin zuma jure rana nesa ba kusa ba, kuma saboda taurinsa sai an gauraya shi da mayuka kafin ya shafu. Saurayin ya lakato ɗan kaɗan a soso mai laushi ya shafa siriri, har ba ka cika ganinsa ba, yana kauce wa baƙar robar bamba don kada ta yi farin tabo. Da ya bushe ya yi hazo-hazo, sai ya ja yatsa a kai. Wurin ya fito tas, alamar ya isa gogewa. Ya bi da tawul mai laushi. La'asar sakaliya Kawu ya sake sa hannu a leda ya shafa bonet, ya ce, "Ikon Allah." Ya biya, ya ƙara masa da tukuici, ya sa masa albarka.

Da asuba muka kama hanyar Ibadan. Tsakanin Oyo da Ogbomosho muka maƙale a bayan tankoki da tireloli, baƙin hayaƙin gas yana ta sauka a kanmu. Muka wuce Ilori, magariba ta riske mu a gadar Jebba, inda ƙwarin bakin kogin Neja suka yi ta faɗa wa fitila da bamba. A Mokwa muka kwana. Da safe na watsa ruwan jarka a gaban motar, ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare, ya tafi da yawancin ƙwarin da baƙin hayaƙin ba tare da an dirza ba. Amfanin kaki ke nan: datti yana zama a kansa, ba ya isa ga fenti.

Daga Bida zuwa Lambata hazo ya fara rufe sararin sama. Ƙurar hunturu mafi yawanta daga kwarin Bodélé na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe, kuma duk laushinta tana ɗauke da ɓurɓushin yashi mai kaifi. A ganina babu abin da ke kashe fentin mota a Arewa kamar al'adarmu ta kama busasshen tsumma kowace safiya muna share wannan ƙurar, sai kuma wanki da omon kaya, wanda ke wanke kaki tare da datti. Da muka tsaya shan mai a Tafa wani yaro ya rugo da tsumma, Kawu ya leƙo da sauri: "A'a ɗana, bar ta da ƙurarta." Ya miƙa masa ɗan canji duk da haka.

Bayan Kaduna muka ratsa inda ake aikin hanya, tayoyi suka watso kwalta a ƙasan ƙofofi. Da muka isa Kano na cire ta da ɗan kananzir a auduga, na wanke wurin, na sake shafa kaki daga gwangwanin da Kawu ya saya a Agege, tunda kananzir yana tafiya da shi. Saurayin ya riga ya gaya mana cewa a ranar Kano kaki ba zai wuce wata biyu zuwa uku ba, laka kuwa sau ɗaya ko biyu a shekara ta isa, sai in gwajin leda ya nuna ana bukata. Ya kuma ja kunnen Kawu kan ajiye mota a ƙarƙashin darbejiya, saboda kashin tsuntsaye yana cin fenti idan rana ta gasa shi. Kuɗin da aka ware wa fenti Kawu ya sayi sababbin tayoyin baya da shi, ragowar ya kira mai walda ya kafa wa motar rumfar kwano a ƙofar gida.