Tsakanin "Ba Ta" Da "Ɓata"

A wani ƙauye da ke tsakanin Ƙaraye da Rogo akwai wani malamin Hausa wanda aka sa shi makarantar boko a shekarar 1976, watau shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa. Kafin ya gama aji huɗu ya zama mai karanta wa unguwarsu wasiƙa. Idan direba ya kawo takarda daga Legas ko Fatakwal ran kasuwa, sai a aika a kira shi, ya zauna a zaure ko a bakin ɗakin tsohuwa ya karanta, sa'an nan a yi masa shifta ya rubuta amsa. Ladansa ƙuli-ƙuli ne ko kwabo biyar, amma babban ladan shi ne girman da manya suke ba shi. Yaran unguwa kuwa, ganin haka ya sa suka dage da koyon karatu.

Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ba ta iso ƙauyukan nan da wuri ba. An daɗe ana hawa tudu ana neman sabis, ana biyan mai waya a gindin lema kuɗin kowane minti. Sannu a hankali waya ta shiga kowane gida, har WhatsApp ya fito da saƙon murya a 2013. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta sami damar yi wa ɗanta magana da bakinta, ba tare da wani yaro ya ji sirrinta ba. Malam, wanda a lokacin ya daɗe yana koyarwa, ya yi murna da haka ƙwarai. Sai dai ya lura cewa aikin da ya ja shi ga karatu yana yaro ya mutu, kuma ɗalibansa suna rubutu a waya yadda suka ga dama.

Bai san girman matsalar ba sai da ta shigo masa gida. Ƙanensa da ke neman kuɗi a Legas ya aiko wa mahaifiyarsu kuɗin magani ta hannun babban ɗan Malam. Yaron ya kai wa kakarsa kuɗin cif, ya ɗauki waya ya rubuta: "Baffa, na bata kudin." Shi kuwa baffan, da yake ya saba ganin mutane suna zubar da ƙugiya, sai ya karanta "na ɓata kuɗin". Bai tambaya ba, domin nauyin yayansa da yake ji. Ya yi shiru, ya daina kira, har mako biyu. Sai da tsohuwa ta sa aka danna mata waya, ta yi masa godiya da sa albarka da muryarta, sa'an nan aka gano inda gizo ke saƙa.

Abin ya yi wa Malam ciwo, domin kuskuren ya fito ne daga gidan malamin Hausa. Da ya zauna ya duba saƙon, sai ya ga laifi biyu ne suka haɗu. Na farko na yaron ne, da ya haɗe aikatau da wakilin suna, alhali ƙa'ida ta ce a raba su: "ba ta". Na biyu na jama'a ne baki ɗaya, da suka saki haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda ake amfani da su a rubutun boko tun shekarun 1930, har mai karatu ya koma yin cinke tsakanin "kafa" da "ƙafa". Haruffan kuwa suna nan cikin waya, domin allon rubutu irin su Gboard yana da Hausa. Ba a nuna wa yara ba ne kawai, kuma malamansu da yawa ba su sani ba. Shi kansa Malam ƙaramar waya ce a hannunsa a lokacin.

Rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, lokacin da aka koma ba da darussa ta rediyo a Kano, shi ya tilasta masa sayen babbar waya. Ɗan nan nasa da ya yi kuskuren shi ya zama malaminsa. Da aka koma aji, sai Malam ya sake salon aikin gida. Ya ce kowane ɗalibi ya roƙi kakarsa ta yi masa tatsuniya ko ta ba shi labarin yadda garin yake kafin a kammala madatsar ruwa ta Challawa a 1992, ya naɗi muryarta, sa'an nan ya rubuta abin da ta faɗa a littafi bisa ƙa'ida. Ba kowane gida ke da babbar waya ba, ga wahalar caji, wasu iyaye kuma ba su so 'ya'yansu mata su riƙe waya ba. Saboda haka ya riƙa haɗa yara uku-uku, wani lokaci ya ba da aron tasa. Ba duka suka gyaru ba, amma an sake samun yaro zaune a bakin ɗakin tsohuwa da takarda a hannu, yana tambayarta ta maimaita.

Mahaifiyar Malam tana nan da ranta, kuma ta iya danna waya da kanta. Sai dai Malam ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Idan saƙonta ya shigo wayarsa, bayan sallama sai ta ce a gaya wa malamin makarantar nan goronta ya ƙare. Shi kuma yakan amsa da murya cewa za a gaya masa.