Kwana Arba'in na Mai Jego

'Yar'uwata, a ranar suna kowa jariri yake so ya ɗauka, kaɗan ne ke tambayar uwar yadda ta kwana. Ina so in yi miki magana a kan waɗannan kwana 40, gama a cikinsu ne ake rasa mata da jarirai da yawa bayan an riga an yi barka.

Iyayenmu sun san mai jego tana bukatar hutu, shi ya sa ake kai ta wankan gida. Littafin Firistoci sura 12 ma ya keɓe kwana 40 ga wadda ta haifi ɗa namiji, Maryamu kuwa ta cika su kafin ta kai Yesu Haikali. Ki karɓi hutun nan, kada ki ji kunyarsa.

Sai dai ba dukan abin da muka gada ke taimako ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa ciwon zuciyar masu jego yana da alaƙa da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Kanwa tana ɗauke da gishirin da ke tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Ruwan ɗumi ya ishe ki wanka.

Kada ki matse nonon farko ki zubar, shi ne kariyar jaririnki daga cututtuka. Ki ba shi nono zalla har wata 6, ba tare da ruwa ba. Kada a gasa cibiya ko a shafa mata toka. Ki bari ma'aikaciyar lafiya ta duba ku a ranar farko, da rana ta 3, da mako na 2, da mako na 6.

In jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya kama ki, ko kai ya yi ciwo har ido ya dushe, ko numfashi ya yi nauyi, ko jariri ya ƙi kama nono, ki tafi asibiti nan da nan. Kada kara ta hana ki faɗa wa maigida ko surukarki. Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne.

Ya Ubangiji, ka tsare masu jegonmu da jariransu, ka ba mu idon lura da su. Amin.