Liƙin Robar Ƙanƙara a Gida

Mu nan Dawakin Tofa, garin da aka sani da ginin tukwane, ba a saba yar da mazubi don ya tsage ba, sai an gwada gyara. Robar ƙanƙara ma ta cancanci wannan tattali, domin a gidaje da dama ita ce jarin mace. Ni kaina da cinikin ƙanƙara da zoɓo nake sayen sabulu da littattafan yara idan na taso daga Islamiyya. Wuta kuwa ba kullum ake samu ba. Idan roba ta yi yoyo a daren da aka kawo ta, cinikin gobe ya ragu, balle a azumi irin na 2024 da ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu.

Me ke tsaga ta? Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, ita kuma roba tana ƙandarewa cikin sanyi. Sai ki cika ta fal, da safe yaro ya murɗe ta ko ya buga da ƙasa.

Ga yadda nake gyara tawa. Ki wanke ta, ta bushe sarai. Ki duba gindinta, akan sami lamba cikin alama mai kusurwa uku, yawanci 5 ko 2. Ki yanko ɗan ɓalli daga tsohuwar roba mai lamba ɗaya da ita, don irinsu ne ke haɗewa. Ki ɗora tsohuwar wuƙa a garwashi, ki narkar da ɓallin a kan tsagar ta baya, ki shafe a hankali. A tsakar gida za ki yi, nesa da yara, saboda hayaƙin. In ta huce, ki zuba ruwa ki ajiye kan busasshen faranti ki gani.

Amma 'yar'uwa, ki guji sufa-gulu. Ba ya kama irin wannan robar da kyau, kuma ba a yi shi don abin sha ba. Ƙanƙarar nan cikin kofin ɗan wata za ta narke, amana ce a hannunki. Robar da ta fara farfashewa kuwa, ki haƙura da ita.

Daga yau ki rage ruwa kaɗan daga baki, ki kuma kwarara ruwa a bayan robar kafin ki cire ƙanƙara. Allah Ya sa albarka a neman halal ɗinmu, amin.