Kaya 26 da Bindigar Kakanmu

Wata Asabar a watan Maris na 2022 na hau zem daga Abomey-Calavi, inda nake zaune tun da na gama jami'a, na nufi Zongo ɗaukar Baba. Gwamnati ta buɗe fadar shugaban ƙasa a Kwatano, kowa ya shiga kyauta ya ga kayan sarakunan Abome guda 26 da Faransa ta dawo da su a Nuwamban 2021, bayan shekara 129 a hannunta. Na tarar da Baba a ƙofar shago yana ɗinkin wuyan babbar riga. Ko kai bai ɗago ba.

"Gumaka za ka kai ni kallo?"

Na ce, "Baba, ai tarihi ne."

Ya ce, "Tarihin wa?"

Ni kaɗai na tafi. Na bi layi cikin rana har na shiga. Na ga karagar Sarki Gezo da ƙofofin fadar Glele, na ga mutum-mutumin Glele mai kan zaki da na Behanzin mai siffar kifi. Wasu sun cire takalmi, wasu sun durƙusa, wata tsohuwa kusa da ni tana ta share hawaye da bakin zaninta. Ni kuwa na tsaya hannu a baya, kamar wanda ya je sunan maƙwabta. A Kwatano aka yanke mini cibi, takarduna duk na Benin ne, amma tambayar Baba ta ƙi barin kunnena.

Daga nan labarin ya fara tafiya ƙetare. Ayyukan masu zane na zamani da aka baje tare da kayan sarakunan an kai su Rabat a 2023, an kai su tsibirin Martinik, inda Faransawa suka taɓa tsare Behanzin bayan sun ci shi da yaƙi, sannan aka kai su Faris a 2024. A wannan shekarar ce Benin ta fara kafa rumfarta a babban baje kolin zane na Venis. Ƙasashe sun daɗe a wannan sana'a ta tallata kai. Romaniya tana da cibiyar al'adu mai rassa a Landan da Faris da New York, kuma fina-finanta sun ci babbar kyautar bikin Barlin a 2013 da 2018 da 2021. A Fabrairun 2024 wannan kyauta ta faɗa hannun fim ɗin *Dahomey* na Mati Diop, wanda ya bi kayan nan 26 tun daga akwatunansu a Faris har zuwa Kwatano.

Ƙanena yana aiki a Hambug. Wani dare ya kira ni muryarsa na rawa. Abokan aikinsa Jamusawa sun ja shi sinima sun kalli fim ɗin, da aka fito suka kewaye shi da tambayoyi. Ya ce shekara shida yana can, bai taɓa ambatar Benin wani ya san inda take ba sai ranar. Sai kuma ya yi shiru, ya ce, "Yaya, to mu ina muke a labarin nan? Sun tambaye ni wane sarki ne namu, na rasa ta cewa."

Ni ma ban da amsa, sai na koma littattafan tarihi. A rundunar da Alfred Dodds ya ja ya shiga Abome ranar 17 ga Nuwamba, 1892, akwai Turawa, akwai sojojin Senegal, akwai kuma rukunin da Faransawa suke kira sojojin Hausawa. Turawan lokacin sukan liƙa wannan suna ga kusan duk Musulmin da ya fito daga arewa, amma sunan dai namu ne. Ashe muna cikin labarin, a ɓangaren da ba wanda zai so ya tsinci kansa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallacin Zongo na gaya wa Baba abin da na karanta. Ya soke allurar a jikin rigar, ya daɗe yana kallon titi.

"Ai shi ya sa ban bi ka ba," in ji shi. "Kakana yana cikinsu."

Ya ce tun yana yaro aka kama shi a arewa, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku. Da ya samu hanya ya gudu, wurin da kawai ya karɓe shi shi ne barikin Nasara. Suka ba shi kaki da bindiga. Bayan yaƙin bai san hanyar gida ba, ya zauna nan, ya yi aure, ya koyi ɗinki. Baba ya ce, "Yaya zan shiga in tsaya cikin mutane suna kuka, alhali na san wanda ya riƙe bindiga a ƙofar gidan?"

Ƙasar da za ta nuna kanta a waje kamar amarya ce ranar jere, mafi kyawun kwanonta take sa wa a gaba, kuma ban ga laifinta ba. Sai dai abin da ya fi kama ni a fim ɗin Mati Diop shi ne muhawarar ɗaliban jami'armu ta Abomey-Calavi. Wani na murna, wani na cewa 26 cikin dubbai raini ne, wani na kukan cewa da Faransanci ma suke wannan gardama. Gardamar ce ta sa baƙo ya yarda cewa tarihin yana da rai. In haka ne, akwai wurin da labarin kakanmu zai zauna. Masarautar da aka wa fashi ita ma ta yi cinikin bayi ta tashar Wida, wanda ya riƙe bindigar kuwa bawa ne da ya tsere. Duka biyun gaskiya ne, kuma ba hukumar da za ta zo Zongo ta tono mana wannan in mu muka yi shiru.

Yanzu duk Juma'a nakan ajiye waya a gefen tabarmar Baba, yana magana tana ɗauka. Da dare in rubuta da Hausa, in juya zuwa Faransanci, in tura Hambug. Kwanan baya ƙanena ya tambaya ko zai iya gaya wa Jamusawan nan. Na ce ba ni ke da izini ba, na miƙa wa Baba wayar.

Baba ya gyara zama ya ce, "Gaya musu. Amma kada ka fara daga bindigar. Ka fara daga ranar da aka kama shi."