Ku leƙa bayan na'urorin lab ɗinku

'Yan uwa masu digiri na biyu a kimiyya da injiniya, musamman mu da karatu ya kawo Kudu, ga shawara kyauta: ku leƙa bayan tsofaffin na'urorin lab ɗinku. In kun ga wata kafa mai haƙora tara an rubuta RS-232, wallahi hutu ne ke jiranku.

Aikina tantance ma'aunan zafi ne irin PT100. A digiri 0 ya kamata ya ba da om 100, a digiri 100 kuma wajen 138.5. Ana zura shi a wata na'ura mai tubalin ƙarfe, a saita zafi, a jira ya tsaya cak, a rubuta, a ƙara gaba. A tamu kowane mataki na cin minti 20 ko fiye. Mataki 10, hawa da sauka, sau 3. Ku lissafa. Wuta kuma ta fi zama da dare, ga masauki da nisa, ga ka baƙo a gari. Wa zai so tafiyar ƙarfe ɗayan dare saboda lamba guda?

Ashe na'urar na jin magana ta kafar nan. Laftof ɗin yanzu ba su da ita, sai ka nemi wayar da ke haɗa USB da RS-232. Haƙora uku ne ke aikin: na 2 da na 3 su ke karɓa da aikawa, na 5 kuma shi ne na ƙasa. Wasu na'urorin waya miƙaƙƙiya suke so, wasu sai wadda aka gicciye 2 da 3. Dole kuma saurin maganar ya zo ɗaya a ɓangarorin biyu. Tamu 9600 ce. In suka saɓa, ko ka ji shiru ko ka ga tarkacen haruffa. Kowane umarni yana da alamar rufewa, kuma duk suna cikin littafin na'urar da ba mai buɗewa.

Da Python da pyserial na rubuta 'yan layuka: saita zafi, yi ta tambaya har ya daina motsi, rubuta, wuce. Abu biyu kar ku yi wasa da su. Kowane awo ya shiga fayil nan take da lokacinsa, don in an ɗauke wuta kar aikin dare ya tafi a banza. Sannan ku sa iyakar zafi, in an gama na'urar ta sauko da kanta. Ƙarfe mai zafi a ɗakin da ba kowa ba abin wasa ba ne.

Yanzu daga ɗaki nake leƙa laftof ɗin ta AnyDesk. Malamina ma ya fi yarda da awon, tunda inji ba ya gyangyaɗi, ba ya kuma gajiya ya ce "ai ya tsaya" alhali bai tsaya ba.

Mai son layukan ya turo min saƙo, amma ya fara karanta littafin na'urarsa, don kowace da irin yarenta.