Ranar da Zanen Layi Ya Kusa Sa Mu Asara

A wata damina na gwada taki iri biyu a kan masara, na riƙa auna tsayin shuka a gonaki biyu. Gonar kusa da gida ina zuwa duk bayan kwana 7. Ta nesa kuwa sai ranar da na samu abin hawa: kwana na 10 bayan shuka, na 24, na 36, da na 45. Da kaka ta yi, na zuba alƙaluman a Excel, na zaɓi zanen layi. Nan take layin gonar nesa ya cilla sama, ya bar ɗan'uwansa a ƙasa. Har na shaida wa ƙanena ya tanadi kuɗin wancan takin, mai tsada, don baɗi.

Daga baya na lura cewa layin gonar nesa ya ƙare a kan kwana na 28, alhali awon ƙarshe na yi shi ne a kwana na 45. Ashe zanen layi a Excel yana ɗaukar lambobin layin kwance daga jeri na farko, ya ɗora sauran jeruka a kansu bi da bi: awo na huɗu a kan awo na huɗu, ko da kwanakinsu sun bambanta. Wato masara mai kwana 45 na gwada da mai kwana 28.

Maganin shi ne zanen warwatsattun ɗigo, wanda manhajar ke kira Scatter. A nan kowane jeri yana zuwa da nasa lambobin kwance da na tsaye. Sai a tsara ginshiƙai huɗu, kwanaki da tsayi na gona ta farko, kwanaki da tsayi na ta biyu, a shigar da kowane jeri daban, a nuna masa nasa kwanakin. Da na yi haka, layukan biyu suka kusa hawa kan juna. Bambancin bai kai kuɗin takin ba.

Lokacin da William Playfair ya buga zane-zanen cinikin Ingila a 1786, kayan shiga da na fita a kan ma'aunin shekaru ɗaya ya jera su, shi ya sa tazarar da ke tsakaninsu take da ma'ana. Tun daga wannan kakar, kafin in dubi wane layi ne a sama, sai na bi ɗigo ɗaya da yatsa zuwa ƙasa, na tabbatar ya sauka a kan ranarsa.