Jan Fenti a Bangon Ƙauye

Ɗan yayata ne ya kira ni da daddare, muryarsa a sanyaye, ya ce an zo an shafa wa bangon ɗakinsu jan fenti. Duk wanda ya taɓa zama a gefen Abuja ya san abin da ke biyo bayan jan fenti: rusau. Yaron birkila ne, shekara shida ke nan yana ɗora bulo a manyan unguwannin birnin, yana kwana a wani ƙauyen Gwari da gari ya riga ya cim masa. Uwarsa ta hana ni sakat, don haka gari na wayewa na nufi Rigasa na hau jirgin ƙasa.

Hanya ba ta da wani labari. Bayan awa biyu da 'yan kai duwatsu suka fara bayyana, na sauka a Kubwa. Mutane da yawa sun ɗauki Kubwa a matsayin unguwar ma'aikata kawai, alhali a nan aka sauke mutanen tsohuwar Maitama lokacin da aka buƙaci ƙasarsu. Daga nan na shiga mota, sannan na hau acaɓa, muka bar kwalta muka kama jar ƙasa. Kafin la'asar na isa.

Abin da na fara gani shi ne fentin. An bi layi ana yi wa bango alama, amma ba kowane bango ba. Ɗakunan haya da shaguna sun sha ja, tsofaffin gidajen 'yan ƙasa da ke tsakiyar ƙauyen kuwa an tsallake su. Ɗan yayata ya ce haka aka saba: sai a ce 'yan asalin wuri za su jira har a tanadar musu matsuguni, baƙi kuwa zaman haram suke yi, su kwashe komatsansu.

Mai gidan da yake haya dattijo ne, manomin doya, Hausa a bakinsa kamar Bazazzagi. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa, kafin mu gama gaisawa ya yi mini gyara cikin ladabi. Ya ce, "Malam, ku ne kuke ce mana Gwari. Mu Gbagyi muke kiran kanmu." Na karɓi gyaran. Mu Hausawa mun daɗe muna maƙwabtaka da mutanen nan, muna cin doyarsu, muna sayen tukwanensu, amma sau da yawa ba ma ambaton sunansu sai cikin zolaya, kuma wannan ba daidai ba ne.

Da dare ya yi ya ba ni labarin yadda ƙasa ta fita hannunsu, na haɗa da abin da na sani. A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar da ta ware sabon babban birni, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. An yanko filin, kusan murabba'in kilomita 8,000, daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Sunan ma aro aka yi daga garin Abuja na Haɓen Zazzau, wanda ya koma Suleja. Aka riƙa cewa ƙasa ce da ba ta kowa ba, alhali akwai Gbagyi da Gade da Gwandara da Koro da Bassa da Ganagana da wasunsu, kowa da gonarsa da makabartar kakanninsa. Shirin farko shi ne a kwashe kowa a fitar da shi daga yankin a biya shi. A 1978 aka ga kuɗin ya yi yawa, aka sauya shawara: wanda aiki ya iso kansa shi za a tayar, saura su zauna tukuna. Wannan "tukuna" ita ce dattijon ya tsufa a cikinta. Ba ya iya gina gidan kirki, domin bai san ranar da za a zo ba. Ba shi da takardar mallaka, domin kundin tsarin mulki na 1999 ya danƙa dukkan ƙasar yankin a hannun gwamnatin tarayya. In an karɓi gona, kuɗin amfanin da ke kanta da na itatuwa ake lissafawa, ita kanta ƙasar ba a biyan ta.

Ya ce, "Gonar ubana tana can ƙarƙashin gidajen da yaronka yake ginawa. Da gona ta tafi, sai muka yi ɗakuna muka sa haya. Kuɗin hayar nan shi ne doyarmu yanzu."

Wannan magana ta hana ni barci. Tun da aka dawo da gwamnati Abuja a Disambar 1991, birnin bai taɓa tanadar wa leburansa wurin kwana ba. Mai gadi da mai shara da direba da ƙaramin ma'aikaci, duk da asuba suke kwararowa daga Nyanya da Mararaba da Suleja da irin waɗannan ƙauyuka. Ɗakin da ke rufa musu asiri na ɗan ƙasa ne. In an rushe shi, ɗan haya ya rasa makwanci, mai gida ya rasa abinci, kuma babu wanda za a biya ko sisi.

Washegari aka yi taro a ƙofar gidan dagaci, ƙarƙashin mangwaro. Babu lasifika, babu manyan baƙi. Samari sun zo da littafi da wayoyi, sun riga sun zagaya suna ɗaukar hoton kowane gida da rijiya da kabari. Sun koyi darasi daga ƙauyukan da aka tayar a baya, inda aka yi ƙidaya ba da saninsu ba, da aka zo rabon gidaje sai sunayen wasu suka ɓace. An yi karo-karon kuɗin lauya, mata suka fi kowa zubawa. Wani malamin firamare ne ke rubutu. Ya gaya mini yana cikin waɗanda suka yi yajin aikin sama da wata uku a 2025 kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuma a can ya koyi yadda ake riƙe jama'a kada su watse.

Sai gardama ta tashi a kan 'yan haya. Wasu samari suka ce a rubuta 'yan ƙasa zalla, kada baƙi su ɓata musu ƙara. Na fahimci tsoronsu, domin doka ta fi sauraron ɗan ƙasa, kuma sun sha ganin baƙo ya sayi fili a hannunsu gobe ya fi su murya. Ana cikin haka wata tsohuwa ta miƙe, kafaɗarta ta yi kanta saboda ɗaukar kaya, don matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗauka, ba a ka ba. Ta nuna ɗan yayata ta ce, "Wannan yaron shi ya gyara mini bango da damina bai karɓi komai ba. Katafila in ta gama da ɗakinsa, nawa za ta juyo. Ku rubuta shi." Dagaci ya ce a buɗe shafi na biyu. 'Yan haya suka yi layi, Hausawa da Tibi da Ibo da Nufawa, kowa ya faɗi sunansa da sana'arsa da shekarun da ya yi a ƙauyen.

Irin wannan naci ba ya tashi a banza. Ƙungiyoyin 'yan asalin yankin sun shekara da shekaru suna kuka cewa ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha, sanata ɗaya ne gare su da 'yan majalisar wakilai biyu. Wani lauya ɗan yankin ya kai ƙara, a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta ce suna da haƙƙin kujerar minista, a 2023 aka naɗa Zaphaniah Jisalo. Kujera ɗaya ba ta dawo da gona ba, amma ta nuna musu cewa takarda da haƙuri suna aiki.

A rana ta uku na yi sallama da dattijon mai gidan. Na ce, "Baba, ga yaron nan, amana." Ya ce, "Ɗana ne, Malam. Inda muka kwana nan zai kwana." Ya sa aka ɗaura mini doya biyu a bayan babur. Da zan biya ɗan acaɓa a bakin titi, canjin da ya miƙo mini har da tsohuwar naira 20, mai hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwane 'yar Gbagyi, tana zaune gaban tukunyarta.

Har na bar ƙauyen katafila ba ta zo ba, fentin kuma yana nan a bango. Ga 'yan'uwana da ke haya a ƙauyukan Abuja: in kun ji an buga gangar taro a ƙofar dagaci, kada ku ce ba da ku ake ba. Ku je, ku zuba naku karo-karon, ku sa a rubuta sunanku.